Zanzanar Titinmu da Ƙwan Iya

Jama'a, ku taya ni jaje, takalmina na ƙafar dama ya tafi inda ba a dawowa. Ranar wata Litinin ce da safe, bayan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fito ina tura babur ɗina da babu ko ɗigon mai a cikinsa, don an ce gidan man da ke bakin babban titi zai sayar wa mutum talatin na farko, sauran kuma a raba musu haƙuri kyauta. Ina isa daidai ƙofar shagon Iya Mai Ƙwai na ga wani ɗan ruwa kwance, na ce wannan ai bai wuce idon sawu ba, na taka. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo. Ƙafata ta nutse har gwiwa. Da na zaro ta, ita kaɗai ta fito, takalmi ya ce shi kam ya samu wurin zama.

Ina tsaye da ƙafa ɗaya ina laluben takalmi da sanda, sai ga motar ƙwai ta shigo layin. Ga wanda bai san layinmu ba, bari in yi masa bayani. Titi ne mai kwalta, ko in ce an taɓa yi masa kwalta, zamanin ina da gashi a tsakiyar kai. Yanzu abin da ya rage ramuka ne, da ɗan guntun kwalta nan da can don tunawa da baya. Mun saba da ramukan har mun raɗa musu suna. Akwai Tagwaye a ƙofar gidana. Akwai Ɗan Auta, wanda aka haifa bara amma ya fi yayyensa girma. Akwai kuma Salati, wanda ya cinye mini takalmi, don babu direban da ya taɓa faɗa masa bai yi salati ba.

Direban motar ƙwai ya kauce wa Tagwaye, ya kauce wa Ɗan Auta, sai ya gan ni ƙiƙam a tsakiyar hanya, ya so ya kauce mini ni ma. Salati ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ƙarar da na ji ba mai ƙarfi ba ce, wani ɗan "ƙwaras" ne daga bayan mota, amma duk wanda ya taɓa sayen ƙwai ya san abin da take nufi. Kafin a buɗe ƙofar baya, ruwan ramin ya koma ruwan ɗorawa.

Iya ta fito daga shago. Dattijuwa ce da ta ba sittin baya, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma da shagon nan take riƙe kanta da jikoki uku da 'yarta ta rasu ta bar mata. Fuskarta duk zanzana ce, tabon ciwon da ta yi tana yarinya, amma mu da muka saba da ita ko gani ba ma yi. Wata gonar kaji ce ke aiko mata da kiret ashirin kowace safiya, masu kanti da masu soya ƙwai su zo su saya a hannunta.

Direba ya cire hula ya goge gumi ya ce, "Iya, wallahi ba laifina ba ne, kuma ba naki ba ne. Amma maigida ya gaji da asara. Ya ce in watan nan ya ƙare ba a gyara layin nan ba, kada in ƙara shigowa. Akwai wani mai shago can cikin kasuwa da ya daɗe yana roƙon a ba shi rabonki."

Iya ta kawar da kai daga gare shi. Ni ta juyo ta kalla, da ƙafata ɗaya tsirara.

"Kai Mai Biro," haka take kirana saboda ɗan rubutun nan da nake yi muku, "kullum kana caccakar manya a jarida, ga shi har yau caccakarka ba ta cike ko rami ɗaya ba. In biron nan naka yana da amfani, rubuta musu su zo su gani da idonsu. In motar nan ta daina zuwa, me zan ba yaran can?"

Na ji kunya, na kuma ji tausayinta ƙwarai. A ranar ban je layin mai ba. Na zauna na rubuta takardar koke shafi uku, na kai wa maƙwabcina Tsohon Hedimasta ya gyara mini Turancin da jan biro har takardar ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Mutum arba'in da uku suka sa hannu. Muka kai ta Ofishin Auna Ramuka da Sauraron Koke-koke, Allah ya ƙara masa ɗaukaka.

Kada ku ce manya sun manta da mu, a'a, haram. Ranka ya daɗe Babban Mai Alkawari sau uku yana ƙaddamar da gyaran titin nan. Kowane karo da rumfa, da kujeru, da almakashi, da ƙyalle mai kyau da za a yanka. Allon aikin yana nan a bakin layi da hotonsa yana murmushi, kuma tsakani da Allah ba a taɓa barin allon ya lalace ba. Duk lokacin da ƙuri'a ta gabato sai an zo an sake masa fenti.

To, abin mamaki ba ya ƙarewa, cikin mako guda sai ga amsa. Wai ranar Alhamis Yallaɓai Babban Jami'in Awo zai zo da kansa ya duba. Mu dai Mai Rula muke ce masa, za ku ji dalili.

Nan fa muka kira taro a rumfar Bakanike, wanda garejinsa ke tsakiyar layin. Hedimasta ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Jama'a, babban baƙo zai zo mana. Yaya za a yi motarsa ta shigo? In ya faɗa Salati kansa ya bugi rufin mota, a kan wa zai huce? Ban da haka ma, ai abin kunya ne mutum irin wannan ya zo ya tarar da mu haka, kamar ba mutane a layin."

Kowa ya ce gaskiya ne. Ku ma kun sani, mu in baƙo zai zo, ko ba a ci ba sai an share tsakar gida, a tura tsummokara ƙarƙashin gado, a fito da labulen da ake ɓoyewa. Bakanike ne kaɗai ya ce, "Ni dai da za ku ji tawa, ku bar ramukan nan yadda Allah ya yi su."

Muka yi masa ca. Na ce, "Kai dai rufe mana baki. Ramukan nan ne suka yi maka ginin ɗaki biyu. Duk motar da ta shigo layin nan da ƙafarta, a kafaɗa ake kawo maka ita."

Da na koma gida na gaya wa uwar yara abin da aka yanke, tana tsintar shinkafa ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baban yara, in za ka je wurin likita, sai ka shafe ciwon da hoda don kada ya ga muninsa?"

Na ce, "Ke ba ki san harkar manya ba. Ana yi musu ladabi ne tukuna, sannan a nemi abu."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," irin to ɗin nan da in mace ta faɗe shi gara ma ta zage ka.

Ranar Laraba muka fito ƙwai da kwarkwata. Baro, shebur, ɓaraguzan bulo daga wani kango, yashi, har da tsohuwar katifa da muka danna wa Salati a ciki kafin mu rufe shi. Muka daddaɓe, muka share, muka yayyafa ruwa. Hedimasta ya sa aka jera duwatsu gefe da gefe aka shafa musu farar ƙasa. Da la'asar na tsaya a ƙofar gidana na dubi layin, wallahi sai da na ji alfahari. Wato mun cike ramuka don mai duba ramuka ya samu hanyar shigowa ya duba ramuka, kuma duk cikinmu arba'in da uku babu wanda ya ji wani abu ya yi masa ƙaiƙayi a ka.

Alhamis da hantsi sai ga motoci uku. Ta farko ta Yallaɓai ce, ta biyu ta masu riƙe masa fayil, ta uku kuwa rula ce a cikinta, ita kaɗai a kujerar baya, an naɗe ta cikin farin ƙyalle. Rula ce ta katako irin ta 'yan makaranta. Yallaɓai ya sauko da takalmi mai sheƙi, ya sa aka gitta wani katako a kan Tagwaye, ya tsoma rula, ya leƙa. Zurfin yatsa biyu. Ya je kan Ɗan Auta, yatsa ɗaya da rabi. Ya tsaya a kan Salati da ƙafafunsa biyu, har yana ɗan lilo saboda katifar da ke ƙasa, ya ce, "Ina ramukan da aka rubuto mana shafi uku a kansu?"

Na matso na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a kan babbansu kake tsaye."

Ya yi murmushi irin na manya, ya yaba da tsabtar layin, ya sha lemon da muka saya masa, ya rubuta wani abu a fayil. Minti goma sha ɗaya ya yi, na duba agogo.

Takardar sakamako ta iso ranar Litinin, saura kwana goma wata ya ƙare. Layi biyu ce kacal da Turanci, da hatimi ya fi rubutun girma. Na karanta na kakare a kan wata kalma da aka ja wa layi, wai titinmu *pockmarked* ne. Ni dai Turancina na cika fom ne da karanta takardar magani, ban taɓa gamuwa da ita ba. Matambayi ba ya ɓata, na kwashi takarda sai rumfar Bakanike, aka aika a kira Hedimasta. Iya ma ta rufe shago ta zo ta zauna a kan benci.

Hedimasta ya zo rungume da ƙamus ɗinsa, wanda bangonsa ya fita tun kafin a haifi wasunku. Ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa. Shekara takwas rabonsa da aji, sai ga shi yau ya samu ɗalibai, ai kuwa ba zai sake mu da wuri ba.

Ya ce, "Yauwa, ga ta nan. Ku natsu. Ana faɗin kalmar nan ne ga abin da samansa ya yi 'yan ramuka-ramuka birjik, ba sumul ba. Asalinta daga ciwo ne, irin agana ko ƙarambau. In ƙuraje suka warke suka bar wa mutum tabo mai lotsawa a fuska, to wannan fuskar ake gaya wa haka. Da Hausa dai kai tsaye, zanza..."

Sai ya yi tsit, don a lokacin ya tuna wadda ke zaune a gabansa. Kowa ya sunkuyar da kai, Bakanike ya hau goge sifana da ba ta da datti.

Iya ta ce, "Ƙarasa abinka, Malam. Zanzana. Ni da madubi mun daɗe da shiryawa."

Hedimasta ya yi gyaran murya ya ci gaba. "To, Turawa ba fuska kaɗai suke gaya wa ba. Bangon da aka yi wa ruwan harsashi, haka za su ce masa. Tsohon ƙarfen da tsatsa ta cinye ta bar masa ramuka, haka. Har wata da kuke gani fes a sama, in aka duba shi da madubin hangen nesa, shi ma haka suke ce masa."

Bakanike ya ce, "Allahu akbar! Wato mu da farin wata ajinmu ɗaya ke nan?"

Nan da nan rumfa ta ɗauka. Kun san mu da sabuwar kalma, kafin a ce kwabo ta koma fokmak a bakin kowa. Bakanike ya nuna ƙofar wata mota da ƙanƙara ta lollotsa ya ce fokmak, Hedimasta ya ce daidai, maki goma. Uwar yara, wadda ta leƙo ta ji me ake ciki, ta ce to ashe singiletin mijinta ma fokmak ce. Hedimasta ya ce a'a, wannan ta huje ne har ana hango mutum ta ciki, abin da ya huje ya fita daga wannan babin, sai dai a nema masa wata kalmar. Aka yi ta dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Iya ce ta katse mu. "Malam, ni ba Turanci na zo koyo ba. Za su gyara ko ba za su gyara ba?"

Hedimasta ya koma kan ƙamus, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Akwai abu ɗaya. Ba a faɗinta ga babban rami. Sai ramukan sun kasance da yawa, kuma ƙanana, marasa zurfi." Sannan ya karanta layi na biyu na takardar, ya fassara mana: babu buƙatar ɗaukar mataki, a ci gaba da sa ido.

Yadda Bakanike ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya ya fi magana ciwo. Garin neman gira mun rasa ido.

Washegari na ce zuwa da kai ya fi aike. Iya ta ce ƙafata ƙafarta. Ofishin yana hawa na huɗu, na'urar hawa kuwa an manna mata takarda cewa ana kan gyara, takardar har ta yi jaja-jaja don tsufa. Muka tarar da Yallaɓai Mai Rula cikin sanyi kamar cikin randa, firji biyu a ɗakin, ga hoton wani lafiyayyen titi na wata ƙasa a bango. Na gaishe shi da duk sarautar da na iya tunawa, har da waɗanda na ƙirƙira a kan matakala.

Ya ce, "Malam, ku talakawa kuna ɗauka rami rami ne. Rami hawa-hawa ne, ilimi ne mai zaman kansa, har ƙasar waje aka tura mu kwas a kansa. Duk ramin da bai shanye rula gaba ɗaya ba, a wurinmu ba rami ba ne, shi ne wannan kalmar da muka rubuta muku. Tabo ne. Tabo kuwa alama ce ta cewa ciwo ya warke. Ka taɓa ganin an kwantar da mutum a asibiti saboda tabo?"

Sai Iya ta matso da kujerarta har gaban teburinsa. Ta ce, "Ɗana, dube ni da kyau."

Ya dube ta, ya kawar da ido.

Ta ce, "A'a, duba dai, ba na jin kunya. Shekara sittin ina ɗauke da wannan abin da kuka rubuta da Turanci. Ramukan da ke fuskar nan, yadda na kwana da su ina 'yar shekara shida, haka suke yau. Ko ɗaya bai ƙaru ba, ko ɗaya bai faɗaɗa ba, kuma ba su taɓa fasa wa kowa ƙwai ba. Na titinmu kuwa duk damina haihuwa suke yi. In ba ka san zanzana ba, ka tambayi mai ita."

Yallaɓai ya yi ta jujjuya takardu, ya buɗe aljihun tebur ya rufe. Can ya ce, "Mama, ni ban ƙi ta taki ba. Amma ni rula nake bi, abin da ta ce shi nake rubutawa."

A nan ne na ga babu sarki sai Allah, na fasa ƙwai, in ji masu magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ramukan suna nan a ƙasa. Mu ne muka cike su saboda zuwanka, don kada motarka ta wahala."

Ya yi dariya har da tari, sai da aka miƙo masa ruwa. Ya ce, "Ashe ku kuka gyara! Madalla da 'yan ƙasa nagari. Za mu sa a rahoton shekara cewa an kammala aikin da haɗin gwiwar al'umma." Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda ya ba mu fom ɗin sake awo. Ya ce zai dawo ranar Alhamis ta sama, wadda ta yi daidai da ranar ƙarshe ta wata. Muna fita na sake tambayarsa don in tabbatar, "Yallaɓai, in rami ya shanye rula, shi ke nan?" Ya ce, "In ya shanye rula ya zama rami."

To, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wannan karon Bakanike muka naɗa shugaban aiki, tunda shi ne ya faɗi gaskiya da farko, ko da yake har gobe ban yarda don Allah ya faɗe ta ba. Ranar Talata muka fito da diga. Muka tone ɓaraguzan da muka zuba da hannunmu, muka zaro katifa daga cikin Salati ta fito tana zubar da hawaye. Muka bar 'yar siririyar hanya ta gefe ɗaya, daidai faɗin motar ƙwai.

Da a nan muka tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Bakanike ya zagaya da rular 'yarsa ya ce, "Jama'a, kada a yi aiki biyu. Wa ya sani ko rular gwamnati ta fi tamu tsawo? A ƙara taƙi ɗaya saboda tsaro." Aka ƙara. Sai kowane magidanci ya fara leƙa ramin maƙwabcinsa. Na ga na ƙofar gidan Hedimasta ya fi Tagwayena zurfi, na ce ina, ba za a gyara nasa a tsallake nawa ba, na ƙara kamu biyu. Shi ma ya gani, dattijo da ciwon baya, ya tuɓe riga ya koma ciki. Uwar yara ta leƙo ta ce, "Baban yara, an ce in za ka haƙa ramin mugunta ka haƙa shi gajere." Na ce mata namu ramin alheri ne, ba shi da iyaka.

Ranar Laraba da la'asar hadari ya haɗo. Ruwan awa biyu aka yi, irin wanda ba ya jin magiya. Muna tsaye a ƙofofin gidajenmu muna kallo, Tagwaye suka haɗe suka zama ɗaya, suka miƙa wa Ɗan Auta hannu, shi kuma ya gangara ya gaida Salati. 'Yar hanyar da muka bar wa motar ƙwai ta zaftare ta bi ruwa. Da aka ɗauke, tun daga bakin layi har shagon Iya rami ɗaya ne dogo, sai ɗan wurin taka ƙafa a jikin katangu.

Alhamis da safe motoci uku suka iso, suka tsaya cak a bakin layi, don babu wurin shiga. Motar ƙwai ta zo ta tsaya a bayansu. Muka lallaɓa ta jikin katanga muka tarye su, hannuwanmu duk sun yi kanta, amma zuciya fari ƙal. Yau dai rula za ta ƙoshi.

Aka kwance ta daga ƙyallenta. Yallaɓai ya tsuguna ya tsoma, ta shige har da hannunsa zuwa kafaɗa, bai taɓo ƙasa ba. Aka ɗaura mata igiya aka zura. Ya jawo, ya auna igiyar, ya girgiza kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta shanye ko?"

Ya ce, "Ta shanye har ta wuce. Rula biyar da rabi. Malam, wannan ya fi ƙarfin ofishinmu. Daga rula ɗaya zuwa uku shi ne rami, shi ne namu. Abin da ya haura uku kwazazzabo ne, sai ku rubuta wa Hukumar Kwazazzabai."

Na ji kamar an doke ni da taɓarya. Na ce, "Yallaɓai, me ya sa ba ka gaya mana akwai iyaka ta sama ba?"

Ya ce, "Ai ba ku tambaya ba."

Hedimasta ya tambayi inda hukumar take. Yallaɓai ya ce tana nan daram, tana da shugaba, da motoci shida, da kalanda mai kyau. Igiyar awo ce kawai ba a kawo musu ba tukuna, kuma a halin yanzu duk manyanta sun tafi ƙasar waje ganin yadda kwazazzabo yake a wuraren da ake sanyi. An sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugune ba ta ƙare ba. Ya naɗe rularsa, motoci uku suka juya. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin haushin kaina nake ji.

Saura motar ƙwai. Direba ya sauko ya dubi ramin, ya dubi Iya da ta iso tana dafa bango, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Iya, ki yafe ni. Ko jirgi ne ba zai shiga nan ba. Yau wata ya ƙare, kin ji abin da maigida ya ce."

Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu. Ni kam na riga na fara tunanin abin da zan ce wa jikokin nan uku in na gamu da su. Iya ta dubi direba ta ce, "Maigidan naka cewa ya yi kada ka shiga layin nan. Ya ce kada ka tsaya a bakinsa?"

Direba ya sosa ƙeya ya ce, "Bai ce ba. Shi dai kada ƙwai ya fashe. Zan iya tsayawa minti biyar in sauke. Amma Iya, daga nan zuwa shagonki tafiya ce, ga hanyar kamar zare, ga shekaru. Wa zai kai miki kiret ashirin kullum?"

Iya ta juyo ta ƙare mana kallo, mu tara da muka fi kowa zaƙewa, tun daga Bakanike har kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duk wanda ya san ya ɗaga diga a layin nan, ya je gida ya ce wa matarsa ta naɗa masa gammo."

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Ƙarfe bakwai na safe muna bakin layi a jere. Bakanike kiret huɗu, mu sauran bibbiyu, har da Hedimasta da ya ce a ɗora masa kada a raina shi. Mu bi jikin katanga a hankali, ɗaya bayan ɗaya, Iya tana ƙofar shago tana ba da umarni. Shago yana buɗe, masu saye suna zuwa, kuma tun da muka fara ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Na ji an ce labari ya kai sama, har Ranka ya daɗe Babban Mai Alkawari yana shirin zuwa ya ƙaddamar da mu, a matsayin sabon tsarin sufuri da ba ya shan mai.

Saboda haka in kun gamu da ni da safe kuka gaishe ni na wuce ban ko waiwayo ba, don Allah kada ku ce shiga jarida ta sa mini girman kai. Mai ƙwai sittin a ka ba ya gyaɗa wa kowa kai.